Yashi ko Duwatsu: Inda Ya Fi Dacewa a Jefa Fatsa a Gaɓar Accra Lokacin Hunturu

Daga watan Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke gangarowa daga arewa har ya rufe bakin teku, mazaunin Nima ko Sabon Zango ko Ashaiman da ke sha'awar kamun kifi da fatsa yana samun damar da ba kasafai yake samu a sauran watanni ba. Manyan raƙuman ruwan da ke tasowa daga kudancin tekun Atlantika, waɗanda suka fi tsanani tsakanin Yuni da Satumba, suna raguwa a wannan lokaci, ruwan sama ya ɗauke, magudanan birni kuma sun rage kwararo laka da shara cikin teku. Wanda ba shi da kwalekwale yana da wuri biyu da zai tsaya: ko dai a kan yashin gaɓa, ko kuma a kan duwatsu da katangun da suka kutsa cikin ruwa. Wuraren biyu suna buƙatar kaya daban da hali daban, kuma wanda ya sayi kayan ɗaya ya tafi ɗayan yakan dawo gida da gajiya kawai.

Ya kamata a faɗi tun farko cewa Accra ba ta da irin doguwar gadar nan da ake ginawa a Turai da Amurka musamman domin masu fatsa, wadda mutum zai biya kuɗi ya shiga ya jingina da ƙarfe ya saki zare. Abin da muke da shi shi ne katangun tashoshin jiragen ruwa, da jerin duwatsun da aka zuba domin hana teku cin gari, da kuma duwatsun da Allah ya halitta a wurare irin su Teshie da Nungua da Prampram da Kokrobite. Tashar Tema, wadda aka buɗe a 1962, tana ƙarƙashin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, kuma ba wurin da mutum zai ratsa da sandarsa haka kawai ba ne. Sabuwar tashar masunta ta Jamestown, da aka ƙaddamar a 2024 kusa da tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, ita ma wurin aiki ce mai ƙofa da masu tsaro. Akwai kuma sassan gaɓa da ke hannun sojoji a yankin Teshie. Saboda haka wanda ya zaɓi duwatsu, abin da zai fara nema shi ne izini, kuma idan aka ce masa a'a, ya karɓa ya juya ba tare da gardama ba. Yashi kuwa a buɗe yake ga kowa a mafi yawan wurare, sai inda masu otal da wuraren shaƙatawa suka sa ƙofa suna karɓar kuɗin shiga, kamar a Labadi.

Hunturun Accra ba sanyin Tamale ko Bolgatanga ba ne. Da rana zafi yana haura digiri 30, ruwan teku kuma da ɗuminsa. Abin da ya fi shafar mai fatsa shi ne wani sauyi da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa. Sau biyu a shekara ruwa mai sanyi yana tasowa daga zurfin teku zuwa sama a gaɓar Ghana, ɗauke da abincin ƙananan halittu: babban yana zuwa tsakanin Yuli da Satumba, wanda shi ne kakar kifin amani, ƙaramin kuma yana zuwa na 'yan makonni a tsakiyar hunturu, galibi wajen Janairu. Idan ƙaramin ya zo, ƙananan kifaye suna matsowa kusa, manya kuma suna biyo su. Tare da haka, kwanciyar teku tana sa ruwa ya yi garau fiye da yadda aka saba, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka fara rabuwa da gaske.

Kifayen da ke kiwo a kan yashi, irin su kasaba da tarwadar teku da sauran masu bin ƙasa, suna son ruwan da igiya ta ɗan dama, domin ita ce ke tono musu ƙaguwa da tsutsa da jatan lande daga cikin rairayi, kuma gurɓin ruwan yana ba su sutura. Idan teku ya kwanta ya yi haske, sai su ja baya da rana, ba sa matsowa sai da duhun asuba ko bayan faɗuwar rana. Kifayen duwatsu kuwa, da masu farauta da ido irin su barakuda, ruwa mai haske bai dame su ba, hasali ma a cikinsa suka fi ganin koto. Ga kuma zurfi: wanda ya tsaya a ƙarshen jerin duwatsu yana da ruwa mai zurfi a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ya yi dogon jifa ba, kuma kogunan da ke tsakanin duwatsun gida ne ga jan kifi da ƙaguwa da ƙananan kifayen da manya ke farauta. Idan yawan cizo kaɗai ake dubawa, a watannin hunturu duwatsu sun fi yashi, musamman ga wanda ba zai iya fitowa ba sai hantsi.

Amma wannan fifiko yana da farashi, kuma ina ganin a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai. Da yawa daga cikinmu mutanen zango ba mu tashi da iyo a teku ba, kuma wanda ya koyi kamun kifi a kogi ko a madatsar ruwa a arewa ya saba da ruwan da ke tafiya hanya ɗaya, wanda ido ke iya karanta shi. Teku ba haka yake ba. Raƙumansa suna zuwa ne rukuni-rukuni, ta yadda za a yi minti goma ana ganin ƙanana, mutum ya sake jiki ya sauka dutse na ƙasa, sai manya uku ko huɗu su biyo juna su shafe wurin da yake tsaye. Kwanciyar tekun hunturu ta rage wannan haɗari, amma ba ta kawar da shi ba, wani lokaci ma ita ce ke yaudarar baƙo. Dutsen da ya yi baƙi ko ya yi gansakuka shaida ce cewa ruwa yana kaiwa gare shi kullum, kuma santsinsa ba ya barin takalmi ya kama. Wanda ya isa wurin ya zauna can sama ya yi kallo na kusan rubu'in sa'a kafin ya kwance kayansa, ya lura da iyakar inda ruwa ke jiƙawa, ya tsaya sama da nan. Kada ya je shi kaɗai, kada ya ba teku baya yayin da yake ɗaura ƙugiya, kada ya hau da silifa, kuma rigar da ke hana nutsewa ba abin kunya ba ce ko da masunta sun kalle shi. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasar nan ita ce 112, amma wanda igiya ta buga da dutse abokin tafiyarsa ne zai fara cetonsa kafin kowa ya iso.

Sau da yawa haɗarin duwatsu yana faruwa ne a lokacin farin ciki, wato lokacin da babban kifi ya kama. Zare ba zai ɗaga kifi mai nauyi sama da mita biyu ko uku ba tare da ya tsinke ba, sai mutum ya ga bai da dabara illa ya sauka ya kamo shi da hannu. Maganin wannan shi ne koma mai dogon mariƙi ko ƙugiyar ɗauka da aka ɗaura a kan gora, wadda aboki zai riƙe, kuma a zaɓi wurin da za a fitar da kifi tun kafin a yi jifan farko. Idan babu wannan tanadi, gara kifin ya tafi.

Yashi shi ma yana da nasa haɗarin, sai dai haɗari ne da mai fatsa zai iya kauce masa gaba ɗaya idan ya ƙi shiga ruwa fiye da gwiwa. Gaɓar Accra tana da gangare, igiya tana faɗowa da ƙarfi daf da bakin yashi, sannan akwai hanyoyin da ruwa ke bi ya koma cikin teku da gudu. Ana gane irin wannan hanya da cewa wurin ya fi kewayensa duhu da kwanciya, igiya ba ta fashewa a cikinsa, kumfa da leda kuma suna tafiya waje maimakon su dawo gaɓa. Mai wanka ya guje ta, amma ga mai fatsa da ke tsaye a busasshen wuri gefenta ne mafi kyawun inda zai ajiye koto, domin abincin da igiya ta tono ta nan yake fita, kifi kuma yana jira a bakinta. Haka nan kwarin da ke bayan inda igiya ta farko ke fashewa yakan riƙe kifi da asuba, kuma sau da yawa bai wuce mita 20 zuwa 40 daga ƙafar mutum ba. Sabon shiga yakan ɗauka cewa sai ya yi jifa iya ƙarfinsa, alhali yana tsallake kifin ne ya ajiye kotonsa a fili. Wanda ya je wurin lokacin da ruwa ya janye sosai zai ga ramuka da tudun yashi da idonsa, ya riƙe wurarensu, ya dawo musu idan ruwa ya fara cikowa.

Batun cikowa da janyewa ya shafi wuraren biyu, kuma mu da muke bin lissafin wata muna da sauƙin riƙe shi. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tazarar cika zuwa cika kusan sa'a 12 da minti 25 ce, saboda haka kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Bambancin tsayin ruwa a gaɓarmu ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne, yana ƙaruwa a kwanakin tsayuwar wata da kuma kwanakin cikarsa, wajen 14 zuwa 16 ga watan Musulunci. A kan yashi, sa'o'i biyun da ke gaban cikar ruwa da sa'a ɗaya bayanta su ne mafi albarka, kuma idan suka dace da fitowar alfijir, wanda ya yi sallar asuba kusa da wurin ya kama fatsa kafin rana ta fito wajen ƙarfe shida ya sami abin da yake nema. A kan duwatsu lokaci bai matse haka ba, tunda akwai ruwa koyaushe, amma kwanakin babbar cika su ne kwanakin da dutsen da ya bushe jiya zai iya shiga ruwa yau. Iska ma tana da nata tsari: da safe tana kwance ko tana fitowa daga tudu, abin da ke taimaka wa jifa, da rana kuma ta juyo daga teku ta bugi fuska ta rage nisan dalma.

Wajen kaya, lissafin kuɗi yana juyewa yadda mutum bai zata ba. Yashi yana son doguwar sanda, mita 3.6 zuwa 4.2, domin ta ɗaga zare sama da igiya, da na'urar naɗi mai ɗaukar zare da yawa, da dalma mai nauyin giram 100 zuwa 170 mai kusurwa ko mai ƙafafun waya da za ta kafe cikin rairayi. Wannan nauyi dole ne, domin ruwan gaɓarmu yana jan komai daga yamma zuwa gabas, kuma dalma mai sulɓi za ta gangara har ta dawo da koto bakin yashi cikin 'yan mintuna. Ana kuma ƙara zare mai kauri na 'yan mitoci a gaba domin kada nauyin jifa ya tsinke shi, da guntun bututun roba da za a kafa a yashi a jingina sanda. Kuɗin farko yana da ɗan nauyi, amma bayan haka asara kaɗan ce. Duwatsu kuwa ana iya fara su da gajeruwar sanda, ko ma da zare kawai da aka naɗe a jikin katako ko kwalba kamar yadda yaran bakin teku ke yi, kuma suna kama kifi da shi ƙwarai. Sai dai duwatsu suna cin ƙugiya da dalma ba ƙaƙƙautawa. Masu wayo ba sa sayen dalma domin wannan wuri: suna tattara tsofaffin fulogi da noti daga wurin makanikai, su ɗaura su da zare mai rauni fiye da babban zaren, ta yadda idan nauyin ya maƙale shi kaɗai zai tsinke, ƙugiya da kifi su taho. Wanda ke neman barakuda ya sa guntun waya a gaban ƙugiya, domin haƙoransa suna yanke zaren roba nan take.

Koto kusan ɗaya ne a wuraren biyu, jatan lande da yankan amani ɗanye, kuma sabo daga hannun matan da ke saye a bakin kwalekwale ya fi wanda ya kwana a firji nesa ba kusa ba. A kan yashi sai an naɗe shi da siririn zare a jikin ƙugiya, in ba haka ba ƙarfin jifa zai yar da shi tun kafin ya taɓa ruwa.

Akwai abin da ya fi kifi muhimmanci, wato tsabtar ruwan da aka kamo shi, tunda gida za a kai shi yara su ci da dokunu. Duwatsun da suka fi kusa da unguwanninmu, abin takaici, su ne suka fi kusa da ƙazanta. Kogin Odaw yana kwaso dattin tsakiyar birni ya zuba a tafkin Korle, daga nan ya shiga teku tsakanin Jamestown da Korle Gonno, kuma duk wanda ya taɓa jefa ƙugiya a wannan yanki ya san yadda take dawowa da tsumman gwanjo da suka murɗe da juna suka zama igiya mai nauyi, wadda mutum zai yi ta ja yana zaton ya kama babba. Ɗaukewar ruwan sama ta rage wannan, amma abin da ya kwanta a ƙasa yana nan. Ni ba zan ci kifin da aka kama a bakin Korle ko bakin tafkin Kpeshie ko cikin kwarin tashar jirage inda mai ke yawo a kan ruwa ba, kuma ba zan ba wani shawarar ya ci ba. Wannan ya sa mai son yashi ya fi samun zaɓi, domin da kuɗin mota kaɗan zai isa Bortianor da Kokrobite ta yamma, kusa da inda kogin Densu ke shiga teku, ko Prampram da Ningo ta gabas. Wanda ke da yini guda cikakke kuma ya nufi Ada Foah, kimanin kilomita 100 daga Accra, inda kogin Volta ya haɗu da teku. Can ne za a sami yashi da jerin duwatsun kare gaɓa kusa da juna, kuma wurin ya yi suna wajen manyan kifaye. Bakin kogi a ko'ina yana tara kifi, sai dai ruwansa yana da ja mai tsanani lokacin janyewa, ba wurin shiga da ƙafa ba ne.

Bakin teku kuma yana da masu shi. Kowane masaukin kwalekwale yana da sarkin masunta, kuma gaisuwa da neman izini kafin a kafa sanda suna buɗe ƙofofin da kuɗi ba ya buɗewa, har a nuna wa mutum inda ramin kifi yake. Ranar Talata masuntan Ga da na garuruwan gaɓa da dama ba sa fita teku. Wannan ba aƙidarmu ba ce, amma al'adar masu masaukinmu ce, kuma baƙon da ya zo ya jefa fatsa a gabansu ranar yana neman fitina ne a banza, ga shi ma ba zai sami sabon koto ba. A kan yashi dole a bar wa masu jan taru hanya, domin igiyarsu tana share gaɓa mai tsawo, kuma abincin gidaje da yawa ne a cikinta. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara rairayin da ke kusa da birni yana cika da masu shaƙatawa, kuma jifan dalma mai giram 150 a tsakiyar jama'a ganganci ne, saboda haka a waɗannan makonni ko dai a yi sammako a tashi kafin su iso, ko a yi nisa. Wanda ya kai dare a yankin Ada zai iya cin karo da kunkurun teku ta fito yin ƙwai, domin hunturu yana cikin kakarsu. Doka ta hana kama su ko kwashe ƙwansu, kuma abin da ya dace shi ne a kashe fitila a ba ta wuri.

Abin da ya hau ƙugiya ma sai an yi hattara da shi. Tarwadar teku tana da ƙaya mai dafi a baya da gefuna kamar ta ƙurungu, kifin nan mai faɗi da doguwar wutsiya yana da tsinke a wutsiyarsa, shi ya sa filaya da tsumma ba sa rabuwa da jakar mai fatsa. Talibambam na teku, wanda ke kumbura idan an taɓa shi, yana da guba mai kisa da dafuwa ba ta kashewa, a mayar da shi ruwa kawai.

Idan aka tambaye ni, wanda bai taɓa yin su a teku ba, ko bai iya iyo ba, ko yana son tafiya da ɗansa, ya ba wa yashi hunturunsa na farko gaba ɗaya, ya zaɓi wuri ɗaya mai tsabta ya riƙa komawa da asuba har ya san ramukansa, ko da kuwa zai riƙa dawowa da kifi biyu ko uku ne kawai. A can zai koyi karanta igiya daga wurin da kuskure ba ya wuce jiƙewar wando. Wanda ya riga ya san teku, yana da aboki tsayayye da wurin da aka yarda masa ya tsaya, kuma lokacinsa bai wuce sa'a biyu ko uku da hantsi ba, duwatsu za su fi biyansa a waɗannan watanni fiye da kowane lokaci na shekara. Ko wanne aka zaɓa, a tafi da ƙanƙara a cikin kula, domin kifin da ya kwanta a zafin Janairu ba ya jira, a kuma wanke sanda da na'urar naɗi da ruwan famfo a ranar, tunda gishiri da ƙurar hunturu idan suka haɗu suna cinye ƙarfe da sauri. Daga watan Afrilu, idan hadari ya fara haɗuwa kuma raƙuman kudu suka fara girma, mai duwatsu ya sauko ya koma yashi, inda damammen ruwan zai fara jawo kasaba kusa da gaɓa har da rana.